Baƙar takardar girafayit da na liƙa ma wayata

Wata biyu kenan da na sa aka kawo mani takardar girafayit daga Kano, irin baƙar sitikar nan da ake gani a bayan sikirin ko jikin murfi in an buɗe waya. Gyaran waya nike a wajen Ƙofar Ƙaura, yaron shagona ma da ɓare ta yake ya yar wai datti ce, sai da na ja mashi kunne.

A wayata na fara gwadawa, don in ina caji ina kallo wajen kyamara kamar kaskon tuya yake, balle a watan Afrilu da zafin Katsina ke haura 40. Sirara ce ainun, wasu ba su kai kaurin gashin kai ba, tana ɗan sheƙi kamar bakin fensir, kuma ai dangi ne, duk kabon ne. Da almakashi na yanka na liƙa daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, zuwa ƙasa.

To gaskiya ba ta sanyaya waya, wanda ya ce maka tana sanyayawa ciniki yake nema. Baza zafin take. Ta faɗinta, mai kyau tana jan zafi fiye da jan ƙarfe har ninki uku ko huɗu (shi jan ƙarfe wajen 400 yake a ma'aunin jan zafi, ita tana kai 1500), amma ta kaurinta ba ta da wani kuzari. Shi ya sa yanzu wurin nan da ke ƙona yatsa ya lafa, sai dai duk bayan wayar ya ɗauki ɗumi, kamar ka baje tuwo mai zafi a faranti. Ni hakan ya yi mani, sanƙarewar da take yi in ta ɗau zafi ta ragu sosai.

Inda na sha wuya, abin nan yana ɗaukar lantarki. Wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa kan bod, wato allon kayan lantarki, na wata tsohuwar waya da nike gwaji da ita ban lura ba, ina maida batir ta ɗauke ɗif, sai da na kwana biyu ina nema da mita. Laifina ne, amma mai saidawar ma bai ce mani uffan ba. Ga saurin yagewa, in ka ɓare ta sau ɗaya ta ƙudundune shikenan.

Zan ƙara saye, amma mai leda a sama zan nema, kuma yanzu can bakin ƙofa nike yanka ta, nesa da teburin aiki.