Wurin gwajin ƙwaƙwalwa da na kai 'yata a Gombe

Sau uku 'yata tana faɗuwa kafin na yarda a yi mata gwajin EEG, wato gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake yi don gano farfaɗiya. Ta farko a islamiyya, ta biyu a bakin murhu, Allah ya tsare. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, har wata maƙwabciya a Jekadafari ta hana 'ya'yanta cin abinci da ita, wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa cutar.

Asibitin kuɗi ne. Tun a waya suka ce a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai ko kaɗan, kuma ta rage barci daren jajibiri. Matashin da ke kula da na'urar ya manna mata wayoyi wajen ashirin a fatar kai da wani abu mai danƙo. Da ya ga na tsorata sai ya ce, "Hajiya, wuta ba ta shiga jikinta, saurare kawai muke yi." Ya sa ta jan numfashi da ƙarfi na minti 3, ya haska mata fitila mai walƙiya. Cikin rabin awa an gama.

Likitar ce ta sa na ji kuɗina bai tafi a banza ba. Ta ɗauki takardar nan mai layuka kamar sawun kaji, ta fassara mini kalma kalma da Hausa. Ta ce "fokal" da aka rubuta a takardar na nufin rikicewar lantarkin ta taso daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, shi ya sa yarinyar ke jin wani wari kafin ta faɗi. Ta tambaya ko ta taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ta rubuta maganin Tegretol, ta ja kunnena kada a daina sha kwatsam. Ta ce kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya suna daina faɗuwa in suka dage da magani. Cokalin da nake cusa mata a baki kuwa, ta hana. Ta ce a kwantar da yarinyar a kan gefen jikinta, in farfaɗiyar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Inda suka gaza: kwana 9 muna jiran sakamako, sau biyu ina biyan Keke Napep a banza, ba wanda ya kira ni. Babu kuma labule a ɗakin, budurwa kai a buɗe maza na leƙowa. Duk mai zuwa ta riƙe mayafi na daban, da sabulun wanke danƙon nan.