Freedom Park na Legas, gidan yarin da ya koma wajen shan iska

Duk wanda ya shigo Ikko don Allah kar ya tsaya iya Idumota da bakin teku, ya daure ya leƙa Freedom Park da ke titin Broad Street cikin Island, wato tsibirin Legas. Ni kaina na fi shekara ina wuce katangar nan ban san me ke ciki ba, sai wata Asabar da yamma abokina da muke saro kaya tare ya ce zo mu shiga mu huta kafin goslo ya lafa.

Ashe gidan yari ne na Turawan mulkin mallaka tun 1872. Nan aka taɓa tsare Herbert Macaulay ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya da Michael Imoudu jagoran 'yan ƙwadago, har Awolowo ma ya zauna a ciki farkon shekarun 1960 lokacin shari'arsa ta cin amanar ƙasa. Bayan an rushe shi wajen ya daɗe kango, sai a 2010 zamanin gwamna Fashola aka buɗe shi don bikin cikar Najeriya shekara 50, Theo Lawson ne ya zana fasalin wajen, kuma abin da ya burge ni da shi bai shafe tarihin ba, tsohuwar katangar bulo tana nan yadda take.

Sun sake gina 'yan ɗakunan fursuna daidai girman na da, na shiga ɗaya na buɗe hannuwa ko gama miƙewa ban yi ba na taɓo bango biyu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, minti ɗaya kacal na yi na fito ina tunanin bawan Allahn da ya yi shekaru a nan da zafin Legas da sauro. To babban abin shi ne dandamalin da mawaƙa ke hawa, a wajen da ake rataye mutane aka yi shi. Muna zaune ana gwada lasifika, mai ganga yana ɗan taɓawa, yara na guje-guje kan ciyawa, abokina ya ce ka san nan fa ake rataya? Na yi shiru na kasa cewa komai, kiɗan ma sai ya canza mini a kunne.

Akwai gidan zane-zane, akwai mutum-mutumi na masu sana'o'i nan da can, da wajen cin abinci. Gasasshen kifi muka ci da lemo mai sanyi, yaji ya ji sosai irin nasu na Yarabawa. Gaskiya dai in faɗa, ana sayar da giya a ɓangaren masu abinci, wanda bai son zama kusa da ita wajen da faɗi, ya koma can gindin bishiyoyi babu mai takura masa, mu ma can muka ja kujera.

In da iyali za ka je ka je da la'asar kafin dare ya yi masu kiɗa su cika wajen, kuɗin shiga ba wani yawa. In kuma littafi ne abin sonka ka nufi watan Nuwamba, lokacin ake bikin baje kolin littattafai da zane na Legas a ciki, ni dai na riga na ce da maiɗakina bana da ita da yara za mu.