Hattara da mai tallar "na'urar karatun makafi" yana karɓar kuɗin gyara

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda yake da ɗan'uwa ko ɗalibi mai larurar gani ya karanta masa wannan saƙo, ko ya naɗa masa shi a murya ya tura.

Akwai wani mutum da ke zagaya wuraren da makafi ke taruwa, ƙofar masallacin Juma'a, makarantun masu buƙata ta musamman, har gidajen shugabanninsu. Yana zuwa da jaka da katin shaida rataye a wuya, ya ce wakilin wata ƙungiyar agaji ce ta Turai. Hajarsa wata 'yar na'ura ce da ya ce an ƙera ta musamman don makafi: tana karanta littafi, batirinta na yin sati, ko ta faɗi ƙasa ba ta fashewa, ga garantin shekara 2. A cewarsa ƙungiyar ta biya rabin kuɗin, cikon kawai za ka bayar. Rasit kuwa, sai "ofis" ya aiko.

Ƙanena da ke karatu a kwalejin ilimi yana cikin waɗanda suka saya, shi ya sa na samu damar riƙe ta a hannu. Rediyon nan ce mai cin memori da ake sayarwa a kan tebur a kowace kasuwa, irin wadda dattawa ke sauraron Alƙur'ani da tafsiri da ita. An ɓanɓare tambarin asali an manna wata takarda a wurin, in ka bi gefen da farce za ka ji tudun gam. Kuɗin da ya karɓa zai sayi irinta da yawa.

Ni ban raina wannan rediyo ba, kada a fahimce ni a baibai. Tana da araha, yawancinsu batirin BL-5C suke ci, irin na tsohuwar Nokia, wanda ko a ƙauye za ka samu, kuma duk yaron da ke gyaran waya zai iya canza mata bakin caji ko lasifika. Da ya ce rediyo ce ya sayar a kuɗin rediyo, da babu mai magana.

Na'urar karatu ta gaskiya daban take. Ɗauki Victor Reader Stream ta kamfanin HumanWare na Kanada, wadda ta fara fitowa a 2007, sabon samfurinta na uku ya fito a 2023. Ɗaruruwan daloli ake sayar da ita. Duk maɓallin da ka danna za ta gaya maka inda kake. Tana tuna wurin da ka tsaya a kowane littafi, tana tsallakawa daga babi zuwa babi a littattafan tsarin DAISY, wato tsarin littattafan saurare da aka yi don makafi, tana ƙara saurin karatu ba tare da muryar ta koma ta yara ba. Babban abin shi ne, in ka zuba mata rubutu daga kwamfuta, da kanta za ta karanta maka. Ita kuwa ta mutumin nan, abin da wani ya riga ya naɗa kaɗai take maimaitawa. Ya kunna wa mutane karatun wani littafin Hausa ya ce na'urar ce ke karantawa, alhali muryar mutum ce a cikin memori. Wasu ma ya ce musu tana karanta takarda in an ɗora ta a kai. Da wane ido? Abin da ba shi da kyamara ba ya karanta takarda.

To duk wannan somin-taɓi ne. Inda ya fi cin mutane shi ne wajen gyara. Batirin da yake sakawa gajiyayye ne, ba a daɗewa sai na'ura ta fara mutuwa ana tsakiyar saurare. Ka kira shi, ya ɗauka da fara'a: "Malam, kwantar da hankalinka, ai kana da garanti. Amma kada ka kuskura ka kai wa masu gyaran kasuwa, da sun kwance ta garanti ya tashi." Sai ya zo ya karɓa, ya ce Legas za a aika, a ba da kuɗin mota da na "kayan gyara". Wasu ya dawo musu da ita bayan ya canza batir kawai, aikin da ba ya buƙatar ko sukurudireba. Wasu shiru har yau. Wanda ya fi ba ni takaici wani bawan Allah ne da ke da na'ura ta gaske, tsohuwa, kyautar da ya samu tun yana ɗalibi. Bakin cajinta ne ya saki. Mutumin ya karɓa da sunan gyara, lambarsa ta daina shiga.

Ga kuma memorin da yake haɗawa da ita. A jiki an rubuta 64GB, kwamfuta ma haka za ta nuna, amma jabu ne, ainihin cikinsa ɗan kaɗan ne. Da ka wuce wannan ɗan wurin, sabon abu sai ya hau kan tsoho, fayil ya nuna yana nan amma ya ƙi buɗewa. Laccocin zango guda na ƙanena haka suka tafi, ana saura kwanaki a fara jarrabawa. Mai gani zai ari littafin abokinsa ya kwafa, shi kuwa sai da ya bi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya suna karanta masa. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ake gwada memori da ita a kwamfuta, kowane mai shagon tura karatu zai iya yi maka kafin ka zuba abin da kake ji da shi.

In mai talla ya zo muku, ku ce ya bari ku saka memorinku mai ɗauke da rubutu, ba sauti ba, ta karanta. Ku kashe ta a tsakiyar karatu, ku shiga wani littafin ku dawo, ku ji ko ta tuna inda aka tsaya. Ku nemi sunan kamfani da lambar samfuri, wani mai gani da kuka amince da shi ya duba a intanet. Ƙungiyar da ya ce ta turo shi, a tambayi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya na jiharku ko Sarkin Makafi ko sun san da zamanta. Kuma kada a tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunan ƙungiya.

Batun gyara, a kai wa mai shago tsayayye wanda gobe za a same shi a wurin, a tafi da ɗan jagora, a cire memori tukuna, a gyara a gabanku. Yawancin ciwon waɗannan na'urori bai wuce batir da bakin caji da ƙurar da ke shiga ƙarƙashin maɓallai ba, musamman lokacin hunturu. Wanda kuma yake da waya Android, TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar waya da murya, na cikinta kyauta, manhajar Lookout ta Google ma kyauta ce, kuma tana karanta takarda da kyamarar wayar.

Waɗanda ya karɓar wa kuɗi ko na'ura, ku adana shaidar tiransifa da lambobin da ya kira ku da su. Muna haɗa sunaye ta hannun shugabannin ƙungiyar makafi domin a kai ƙara wurin 'yan sanda a tare, a kuma rubuta wa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da ke Abuja. In ya sake ɓullowa a unguwarku, kada a taɓa shi, a zaunar da shi da hira a kira mai unguwa.