Shagon turin waƙa na wajen Terminus, da foldar Esham

Masu turin waƙa a Jos ba sa ƙirguwa, daga Terminus ka bi Ahmadu Bello Way duk inda ka ga laftof a kan tebur da tarin igiyoyin caji to turi ake yi, kuma kusan duk kayansu ɗaya ne, waƙoƙin Kannywood, sabbin na 'yan Legas, wa'azi, indiyan Hausa, shikenan. Wannan da zan yi magana a kansa yana da duk waɗannan shi ma don da su yake cin abinci, amma yana da wani hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta) daban da ba ya jonawa sai wanda ya tambaya, kuma saboda shi nake wannan rubutun. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai yabo akwai suka, wanda ya san wajen zai gane.

Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku in suka shiga na huɗu sai ya tsaya a waje. Ana cajin waya, ana saida memori da iyafis da caja. Mai shagon zai haura arba'in, irin mutanen nan ne da suka taso lokacin da gambarar turanci, wato rap, ke tashe a garin nan, kafin Legas ta kwashe su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince, kuma har yau kansa na can. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya jera kayan, shi ba da sunan mawaƙi yake jerawa ba, da gari yake yi sannan shekara. Ka buɗe ka ga garuruwan Amurka, Detroit, Memphis, Houston, New York, in ka shiga ɗaya sai ka ga 1989, 1992, 1995 haka dai. Wallahi wannan kaɗai ya isa ka gane ba sauke-sauke kawai yake yi ba, ya san abin da yake tarawa.

A Detroit ɗin ne za ka tarar da Esham, kuma in ka kuskura ka ce wane ne wannan to ka nemi benci ka zauna don ba yanzu za ka tafi ba. Esham dai mawaƙin gambara ne da ya fitar da albam ɗinsa na farko, Boomin' Words from Hell, a 1989 bai wuce shekara 16 ba, kuma ba wani babban kamfani da ya ɗauke shi, shi da yayansa ne suka kafa nasu mai suna Reel Life Productions suna bugawa suna saidawa da kansu. Salon nasa shi ake kira horrorcore, wato gambarar ban tsoro, zancen mutuwa da kabari da hauka da shaiɗan, duk da shi kansa ya fi so a ce acid rap. A 1992 ya saki Judgement Day kashi biyu, ɗaya rana ɗaya dare, a lokacin da ba kasafai ɗan gambara ke fitar da albam mai faifai biyu ba balle yaro mai cin gashin kansa. Kiɗan ma daban ne, yana yanko jita mai ƙara daga waƙoƙin 'yan rock irin su Black Sabbath ya ɗora a kan ganga mai nauyi, sautin ya fito a dagule kamar da gangan.

To ga inda abin yake ba ni haushi, kuma nan ne ni da mai shagon muka zo ɗaya. Kowa a Jos ya san Eminem, har mai keke napep da bai jin turanci ya san shi, amma Eminem ɗin nan, wanda shi ma ɗan Detroit ne, da bakinsa ya ambaci Esham a albam ɗinsa na 1999 a cikin waɗanda yake kwatanta kansa da su. Insane Clown Posse, 'yan gambarar Detroit masu fenti a fuska ɗin nan, albam ɗinsu na farko a 1992 sai da suka nemo Esham ya sa murya, daga baya suka zo suka saida faifai miliyoyi suka tara mabiya har da taron shekara-shekara. Shi kuwa da ya share hanyar bai taɓa ganin irin wannan kasuwa ba. Ƙarshe ma a 2002 shi ne ya koma ƙarƙashin kamfaninsu Psychopathic Records, ya yi shekara uku ya fita a 2005. Tsakaninsa da ɓangaren Eminem kuma faɗa ne ya biyo baya, har a 2001 aka kore shi da D12, ƙungiyar su Eminem, daga rangadin waƙa na Warped Tour bayan an ba hammata iska. Na ce wa mai shagon, Oga ai shi ma da laifinsa, mutum ya yi ta rigima da kowa kuma waƙoƙinsa ba gidan rediyon da zai iya sawa, ya ake so a yi? Sai ya ce ƙanena ba cewa na yi a ba shi kuɗi ba, cewa na yi a riƙa kiran sunansa. Kuma gaskiya yana da hujja.

Wani abu da ban taɓa haɗawa ba sai da ya nuna min shi ne garin da waƙar ta fito. Detroit gari ne na kamfanonin mota, a 1950 mutanensa sun kusa miliyan biyu, zuwa 1990 sun dawo wajen miliyan ɗaya, masana'antu sun rufe ko sun ƙaura, unguwanni sun zama kangaye, ga hodar iblis ta shigo a shekarun 1980. Har suna da wani dare a ƙarshen Oktoba da suke kira daren shaiɗan, matasa su bi gidajen da aka bari suna cinna wuta, a 1984 an ƙirga gobara sama da 800 cikin kwana uku. Yaron da ya taso yana ganin wannan in ya ce garinsu jahannama ne ai ba fim ya kalla ba. Mu nan Jos da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, muka ga kasuwar Terminus ɗin kanta ta ƙone a 2002, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ni abin da ya ɗaure min kai ma shi ne duk 'yan gambarar da Jos ta haifa, da wuya ka ji wanda ya bi ta wannan hanyar, mu namu ko dai a yi addu'ar zaman lafiya ko a yi waƙar fati, ba mai son ya tsaya ya zana tsoron yadda yake. Wataƙila hakan ya fi mana alheri, ban sani ba ko zan iya sauraron irinsa da Hausa.

Amma fa a yi hattara, kar wani ya je ya turo ya zo yana zagina. Akwai waƙoƙin da ni kaina na goge, kalaman sun yi muni, wasu saɓo ne ƙarara, a'uzubillahi, wasu kuma zancen kisa ne da bai da wata ma'ana sai don a girgiza mutum. Sunan ƙungiyarsa ma Natas, ka karanta ta baya ka gani. Ba abin da za ka kunna a mota da iyali ba ne, ba kuma na yara ba. A nan dole in yaba wa mai shagon, a gabana wani ɗan sakandare ya ce a zuba masa duk foldar, ya ce masa je ka sai ka yi gemu, ya tura masa wasu daban. Ba kowane mai turi ne zai bar kuɗi ya wuce haka ba.

Foldar Memphis kuwa ita ce ta fi kasuwa yanzu, saboda kiɗan nan na phonk mai ƙararrawa da yara ke ɗorawa a bidiyon mota da na ɗaga ƙarfe a TikTok, tushensa kasa-kasan Memphis ne na shekarun 1990, su Three 6 Mafia da Tommy Wright III. Su Three 6 Mafia ɗin dai sun dace, daga Mystic Stylez na 1995 har suka kai ga cin Oscar a 2006. Mai shagon yana da su da yawa, sai dai ka sani daga kaset aka kwafo su, akwai shuuu ɗin nan a ƙasa, shi kuma yana gaya maka tun kafin ka biya. New York akwai Gravediggaz na 1994, Houston kuwa Geto Boys ne kawai da ɗan abin da ba a rasa ba, ta yi ƙaranci gaskiya.

Yanzu sukar. Na farko sifikar shagon ta mutu murus, in bes ya buga sai ta riƙa karkarwa, to ta yaya mutum zai gwada waƙar da duk daɗinta a bes yake? Sai dai ka zo da iyafis ɗinka. Sannan duk da kyan jerin, in waƙoƙin suka shiga waya da yawa ba suna, sai ka ga track 01, track 02, ba mawaƙi ba hoton albam, ka rasa wacce ce wacce, kuma akwai albam ɗaya na Esham da na tarar waƙa biyu sun maimaita kansu wata kuma ta yanke a tsakiya. Da na koma ya gyara ba musu ba ƙarin kuɗi, amma dai ɓata lokaci ne. Laftof ɗin kuma na da bairos ɗin nan mai maida folda shotkot, filas ɗina sai da na wanke shi, don haka kar ka kawo wanda ke da takardunka na makaranta ko na ofis a ciki. In nefa ta ɗauke wuta kuma turi ya tsaya, batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, janareton maƙwabcinsa yake jira. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na sauran masu turi in wannan hadis ɗin ne, ni ban ga laifi ba, amma yana da kyau ka yi ciniki tun farko don ba a rubuce yake ba.

Akwai kuma maganar da na tsokane shi da ita, na ce Oga kai da kake kukan ba a daraja Esham, ga shi kana saida waƙoƙinsa ko sisi ba ya kai masa. Ya yi dariya ya ce to wa ya san shi a Filato kafin ni? Ya ce duk wanda ya ji ya so ai yana iya zuwa Spotify ko YouTube ya saurara a can a biya shi. Amsar ba ta gamsar da ni duka ba amma da tsadar data ɗin nan ban da bakin musu sosai.

In za ka je ka je da safe kafin 'yan caji su cika wajen, ka tafi da memori ko filas naka wanda ba komai a ciki, kuma ka ce ya fara maka da Judgement Day kafin na 1989 ɗin, don na farkon sautinsa ya yi rauni sosai, zai iya sa ka gudu tun ba ka ji komai ba.