Gargaɗi ga masu tsofaffin gidaje a Agege: an cuce mu naira miliyan 6 da dubu 800

Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina haɗiye maganar nan saboda kunya, amma jiya da daddare ruwa ya sake zuba a ɗakin mahaifiyata, na tsaya da bokiti a hannu har ƙarfe biyun dare, na ce wallahi yau sai na faɗa. Naira miliyan 6 da dubu 800. Kuɗin gyaran gidan mahaifinmu ne a nan Agege, kuma mutum ɗaya ya lamushe su ya kashe waya.

Gidan nan Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina shi ne da kuɗin goro tun zamanin da jirgin ƙasa ke ɗaukar huhunan goro zuwa Kano. Shi har ya rasu Ikko yake cewa, bai taɓa cewa Legas ba. Ɗaki takwas ne, ciki da falo biyu a baya, ga rufin asbestos irin na da. A ciki aka haife mu duka. Da bango ya fara tsagewa ta wajen ɗakin Hajiya mahaifiyarmu, filasta na ɓarewa daga ƙasa, sai muka zauna ni da ƙannena muka ce a gyara kada a jira. Kowa ya san abin da ya faru a Ita-Faji a 2019 da bene ya rufta da yara 'yan makaranta, da na Ebute Metta a 2022. Tsoron wannan ne ya sa muka yi hanzari, kuma da wannan tsoron ne mutumin ya kama mu.

Ba a Facebook na tsinto shi ba, don na san abin da wasu za su fara cewa ke nan. A masallaci na san shi. Fiye da shekara ɗaya muna haɗuwa a sahu, Hausa ras a bakinsa, kowa Injiniya yake ce masa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ne ma ya ce min ai yana aikin tsofaffin gidaje. Shi ma dattijon bai san halinsa ba, ban ɗora masa laifi ba.

Ranar da ya zo duba gidan ita ce ba ta barin idona. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin Hajiya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, gidan nan ko ni na gāda ba zan bari ya lalace ba." Ya zaro mukulli daga aljihu yana ƙwanƙwasa bango, yana kasa kunne. Ya ce min, "Alhaji, ka ji nan? Ya yi ƙarar fanko, filastar ta rabu da bulo." Na ƙwanƙwasa da kaina, haka ne kuwa. Ya hau tsani ya ɗaga silin, ya soka sukudireba a jikin katakon rufi, ta shige kamar a cikin burodi, gari ya zubo masa a hula. Gara ta gama da shi. Ya nuna min inda rodi ya yi tsatsa a saman taga, ya ce rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake, shi ke fasa kankare daga ciki, kuma danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe. Ya ce asbestos ba a fasa shi da guduma, a hankali ake kwance shi, don ƙurarsa na lalata huhu. Duk abin da ya faɗa ranar gaskiya ne, daga baya na tambayi masu sani sun tabbatar. To ku gaya min, wa zai ga wannan ya ce ɓarawo ne?

Da zai tafi na miƙa masa naira dubu 20 kuɗin mota. Ya tura min hannuna. Ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu? Bari sai mun gama aiki." Wannan dubu 20 da ya ƙi karɓa ita ta buɗe masa miliyan 6 da dubu 800. Kullum sai na tuna yadda ya tura min hannun nan, yana murmushi, garin katako a kan hularsa.

Ni ba yaro ba ne. Shekara 22 ina kasuwanci a garin nan, na yi hulɗa da 'yan Mile 12, na yi da 'yan Alaba Rago, ba a taɓa yi min sakiyar da ba ruwa ba. Na nemi ganin aikinsa, ya nuna min hotuna a waya, wani tsohon bene irin ginin Aguda, wato salon Brazil, na tsibirin Legas, wajen Campos, mai tagogin katako da ado a goshi, kafin gyara da bayan gyara. Har kati ya ba ni mai lambar rajista. Mun rubuta yarjejeniya, shaidu biyu sun sa hannu. Me kuma ake so mutum ya yi?

Kuɗin farko miliyan 2 da dubu 500 ne, a watan Fabrairun 2024, lokacin da buhun siminti ya haura dubu 10 kowa na kuka. Ya kira ni da sassafe ya ce in ba a saya yau ba gobe wani farashin ne, akwai dilansa a Orile da zai riƙe mana. Na tura. Ya kawo buhu 30 da rodi 'yan ƙalilan, ya ce sauran suna sito don kada danshi ya daskarar da su. Magana ce mai ma'ana, siminti ba ya son ajiya a wuri mai laima. Sai miliyan 1 da dubu 800 na katako da kwanon rufi. A'a, kafin wannan akwai dubu 900 da ya ce na takardar izinin gyara ne da gwajin ƙarfin gini, don a Legas ba a taɓa tsohon gini haka kawai, jami'ai za su zo su sa jan fenti su rufe wurin. Wannan ma haka dokar take. Takardar da ya kawo min ce ta bogi, hatimin ma a kwamfuta aka zana shi. Ina jin cikin azumi ne wannan, ko dab da shi, zan duba alat ɗin. Sannan miliyan 1 da dubu 200 na wayar wuta da bututun ruwa, sai dubu 400 ta leburori ana saura kwanaki babbar salla. Ku haɗa da kanku. Miliyan 6 da dubu 800.

Kuma ba kuɗina ba ne ni kaɗai, abin da ke hana ni barci ke nan. Ƙanwata sarƙarta ta zinare ta sayar. Ƙanena da ke tuƙa tirela zuwa Apapa adashinsa na shekara guda ya kwasa ya ba ni, ya ce, "Yaya, kai ne babba, duk yadda ka yi daidai ne." Yau idan ya kira ni sai na daɗe ina kallon wayar kafin in ɗauka. Bai taɓa yi min gori ba, wallahi da ya yi ma da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi cin raina shi ne rufin. A watan Mayu ya turo yara uku suka kwance rufin ɓangaren Hajiya gaba ɗaya. Wanda ya gaya min ba a fasa asbestos, yaransa da guduma suka yi ta dukansa, ƙura ta cika tsakar gida, jikoki na wasa a wurin. Na kira shi, ya ce yana Oko Baba wajen katako, mota na hanya. Motar da har yau ba ta iso ba. Duk wanda ke zaune a Legas ya san ruwan Yuni da Yuli. Ya san damina ta kawo jiki, ya buɗe mana gida ya bar shi a haka, don ya san mutumin da rufinsa ke buɗe ko nawa aka ce ya kawo zai kawo. Dubu 400 ta ƙarshe a wannan halin na tura ta. Katifar Hajiya ta jiƙe, akwatin Baba mai takardun gida da Alƙur'aninsa da kyar muka fitar.

Na manta ban faɗa ba, asusun da nake tura kuɗin ba sunansa ba ne. Tun kuɗin farko na lura, na kuma tambaya. Ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsalar BVN. A lokacin mutane da yawa na fama da wannan matsalar, ni kaina na yi layi a banki a kanta. Shi ya sa ban ɗauke ta komai ba.

Bayan salla waya a kashe. Na je gidan da yake haya, mai gidan ya ce ya kwashe kayansa da dare, shi ma yana bin sa kuɗin wata biyar. Na je Orile da sunan dilan, babu mai wannan suna. Na shiga tsibiri da hoton benen nan ina tambaya har na same shi, masu gidan suka ce ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Lambar da ke kan katin kuwa, da aka duba min a rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ta wani mutum ce daban. Yanzu na ji akwai wata baiwar Allah a Idi-Araba da ya yi wa irin wannan, ita ma da ƙwanƙwasa bango ya fara.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, magana na hannunsu, shi ya sa aka ce kada in sa sunansa da hotonsa tukuna. Amma komai yana wurina: alat guda biyar, yarjejeniya, takardar bogin, da saƙonnin muryarsa na WhatsApp guda 40 da wani abu, har wanda yake rantsuwa da Allah cewa kwano na kan hanya. Da zarar an ba ni dama zan sa su duka a nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji muryarsa.

Masu tsohon gida, ku sayi kayanku da kanku, ku duba lambar injiniya kafin ku ba da ko sisi, kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai aiki ba, kuma kada a taɓa muku rufi sai sabon kwano yana tsakar gida.

Wanda ya san ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan siffa, dogo, mai tabo a gira ta hagu, yana yawo da jar hular kwano a bayan mota, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Hajiya tana gidan ƙanwata a Ogba, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta koma ɗakinta. Har yanzu tamfol ne a kan rufin, mun danne shi da bulo, kuma ga hadari can ya sake haɗowa.