DDJ-FLX4 a daren salsa, ga yadda ta kaya min

Jiya na yi wasa a wani kulob a Madrid, daren 'yan Latin, da wannan 'yar kwantrolar tawa ta Pioneer DDJ-FLX4 (na'urar da DJ ke haɗa waƙoƙi da ita) na je, mai layi 2 ce, wato waƙa biyu take ɗauka a lokaci guda, na jona ta da laftof ta USB-C na buɗe manhajar DJ ta rekordbox shikenan. Gaskiya ta fidda ni kunya. Ba nauyi, jakar goyo ma ta ɗauke ta.

Cikin kiɗe-kiɗen Latin ɗin, reggaeton kam kamar shan ruwa, kiɗan na tafiya wajen BPM 95 (bugu 95 a minti ɗaya) daram, haɗawa ba wuya, bachata ma ba ta ba ni wuya ba. Salsa ce ta koya min hankali, don makaɗa ne suke bugawa da hannu, kiɗan ya ɗan yi sauri ya ɗan ja baya, ni kuma da gangancina na dage sai na lauya wata waƙa cikin wata, kawai wata baiwar Allah 'yar Kolombiya ta tsaya cak tana harara ta, ashe su so suke waƙa ta ƙare tas su tafa su canza abokin rawa. Daga nan na bar hannuna kan fader (maɓallin da ake turawa a ɗaga ko a sauke sautin waƙa) kawai, ina sauke wannan ina ɗaga waccan.

Mai fara DJ ya saya abinsa, ta isa.