Yawon kangon Kartaj da ɗan rakiya: yadda na same shi

Aiki ne ya kai ni Tunis, ranar da muka samu sarari sai na biya kuɗin yawon rabin yini zuwa Kartaj, tsohon birnin da ya yi gaba da daular Rum a zamanin da, mota da ɗan rakiya. Gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba, kuma mutumin nan ne ya fanshe shi.

Inda ya fi tsaya min a rai tsohuwar tashar jiragen ruwa na yaƙi ce. Wallahi da ni kaɗai na je da sai in ce kududdufi ne, ruwa ne kawai zagayayye da ɗan tsibiri a tsaka, gidajen mutane sun kewaye shi. Sai ɗan rakiyar ya tsuguna ya ɗau tsinke yana zana mana a ƙasa, wai nan ake ajiye jirage kusan 220 kowanne da rumfarsa, babban hafsan ruwa yana kan tsibirin yana hango teku, ɗan kasuwan da ya shigo tashar gaba kuma ba ya ganin komai na ciki. Nan jikina ya yi sanyi.

Ni da labarin giwaye kawai na sani, yadda Hannibal, kwamandan yaƙin Kartaj, ya tsallaka duwatsun Alps da su a 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi wa Rumawa kaca-kaca a Cannae a 216. Ɗan rakiyar kuwa siyasar ya buɗe mana, Hannibal ya yi shekara wajen 15 yana yaƙi a Italiya amma a majalisar gida ɓangaren Hanno, abokin hamayyarsa a siyasar Kartaj, na ta ja masa birki, agajin da ya isa gare shi bai taka kara ya karya ba, ga Masinissa, sarkin Numidiya maƙwabciyar Kartaj, ya koma bayan Rum, dawakansa na cikin waɗanda suka juya yaƙin Zama a 202, inda Rum ta ci Hannibal da yaƙi. Abin ya ba ni takaici sosai. A kan tudun Byrsa mun ga gidajen da suka rage bayan Rumawa sun ƙone birnin a 146, har da ramukan tara ruwan sama, ƙasar da Rumawa suka zuba a kai ce ta adana su.

Ƙorafina direba ne, minti 20 kacal ya ba mu a tashar, sannan ya ajiye mu kusan awa guda a shagon tsaraba. In za ka je ka yi ciniki kan lokaci tun kafin ka shiga mota, ka riƙe ruwa da hula, inuwa ba ta da yawa a wurin.